Daga Garwa Zuwa Lambun Murjani: Yadda Ake Kai Iyali Kallon Ƙarƙashin Teku

Mu da muka tashi a bakin Binuwai mun san ruwa, amma ruwan da muka sani mai launin ƙasa ne, wanda idan mutum ya tsoma hannunsa zuwa gwiwa ba ya ƙara ganin yatsunsa. Shi ya sa yake da wuya zuciya ta sawwara wurin da mutum zai kwanta rub da ciki a kan ruwa ya hango ƙasan teku sarai, da kifaye masu launi iri-iri suna kai-komo a tsakanin duwatsu masu rassa. Na kai iyalina sun gani, kuma na fahimci cewa mafi yawan aikin wannan tafiya a gida ake yin sa, watanni kafin a sayi tikiti. Iyalin da bai shirya ba yakan rabu biyu a ranar: maigida da samarin gidan su faɗa ruwa, uwar gida da 'yan mata da ƙananan yara su zauna cikin kwalekwale suna gadin jakunkuna a tsakar rana, alhali kuɗin tikitinsu ɗaya ne da na kowa. Domin kada hakan ta faru da wani gida na rubuta wannan jagora.

Zaɓen wuri

Duk ɗan Kamaru zai fara tambayar me ya sa ba za a je Kiribi ba, tun da tamu ce, babu biza, babu canjin kuɗi. Kiribi tana da amfaninta a cikin wannan shiri, kuma zan dawo kanta, amma ba ta da lambun murjani, haka ma Limbe mai baƙin yashi. Dalilin yana cikin halittar murjanin kansa. A ido yana kama da dutse ko itace, amma dabba ne: ƙananan halittu masu taushin jiki, da yawansu ba su wuce ƙwayar dawa ba, suna zaune dubbai a wuri guda suna gina wa kansu mazauni da sinadarin alli da suke tacewa daga ruwan teku. A cikin jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ke sarrafa hasken rana su samar musu da mafi yawan abincinsu, su ne kuma ke ba su launi. Saboda haka murjani ba ya bunƙasa sai a ruwa mai gishiri sosai, mai ɗumi tsakanin digiri 23 zuwa 29, kuma garau yadda rana za ta ratsa shi. Gaɓarmu kuwa manyan koguna ne ke kwarara cikinta, Sanaga da Wuri da Nyong, ɗauke da laka da ruwan daɗi, ga ruwan sama mai yawan gaske. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi ma wani jinsi ne dabam, wanda ake cirowa daga Bahar Rum, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi.

Wuraren da suka fi kusa da mu masu murjani na gaske suna gabas. Akwai Bahar Maliya, a Hurgada da Sharm el-Sheikh na Masar ko a gaɓar Jidda, akwai Malindi da Watamu a Kenya, akwai kuma Zanzibar a Tanzaniya. Ni Zanzibar na zaɓa, ita kuma nake ba iyalin Musulmi shawara su fara da ita, domin galibin mutanenta Musulmi ne, ana jin kiran salla a kowane ƙauye, ba a fargabar abin da aka yanka a gidan cin abinci na 'yan gari, kuma macen da ta rufe jikinta ba baƙuwa ba ce a idon kowa. Ko a wajen ciniki kunnen Bahaushe ba ya ɓata, tun da ishirini, arobaini, hamsini, sitini da sabini na Suwahili duk mun san su.

Lokaci, da lissafin wata

Dogon hutun makaranta, daga Yuni zuwa farkon Satumba, ya dace da ranin Zanzibar, lokacin da ruwan sama ya ɗauke kuma zafi ya sassauta. Sai dai a waɗannan watanni iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa, tana tayar da igiyar ruwa a gaɓar kudu da ta gabas, don haka a nemi masauki a arewa maso yamma inda tsibirin ke kare iskar. Hutun Disamba ma yana yiwuwa, amma farashin masauki a ƙarshen shekara ya fi na kowane lokaci tsada. A guje wa Maris zuwa Mayu, daminarsu ce babba, ruwa yakan gurɓace. A guje wa watan azumi kuma, domin mai bututu a baki ba ya rasa haɗiyar ruwa.

Akwai wani lissafi da mu masu duban wata muka fi kowa sauƙin riƙewa. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, wato wajen ranar 14 da 15, cikar takan yi yawa, janyewar ma ta yi nisa, ruwa kuma yana gudu da ƙarfi a tsakaninsu. A wajen ranar 7 ko 8, da kuma 22 ko 23, bambancin kaɗan ne, ruwan ya fi natsuwa, kuma waɗannan su ne kwanakin da suka fi dacewa da mai yara. A gaɓar gabas, kamar Paje da Jambiani, teku takan ja baya ta bar fili mai nisa wanda ba a iya iyo a cikinsa na tsawon awanni, amma a Nungwi da Kendwa, ƙauyukan da ke arewacin tsibirin, ruwa yana nan kusa kusan ko da yaushe.

Takardu da kuɗi

Kowane yaro yana bukatar fasfo nasa, kuma fasfon kowa ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Fasfon Kamaru sefa 110,000 ne tun shekarar 2021, don haka gida mai mutum shida ya sa wannan a lissafi tun farko. Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Kamaru ko Chadi. Ana yin allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Bizar yawon buɗe ido ta Tanzaniya dala 50 ce, ana neman ta ta intanet, kuma masu fasfon Chadi su nema da wata biyu a gaba, domin ƙasarsu ta daɗe cikin jerin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi. Tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta gwamnatinta, dala 44 ga baligi, ko da mutum yana da wata inshorar. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai tafi da yara, ya riƙe takardar amincewar ɗayan mai hatimin hukuma.

Sefa ba ta canzuwa a can. A sayi yuro tun a gida, tun da farashinsa a ƙayyade yake, kusan sefa 656, ko kuma dala sababbi, domin masu canji sukan ƙi takardun da aka buga kafin 2009. Kada a ɗaure kaya da leda, Tanzaniya ta haramta shigo da ita tun Yunin 2019.

Koyo a gida

A nan ne nake roƙon mai karatu ya dakata ya ba abin haƙƙinsa. Kayan kallon ƙarƙashin ruwa huɗu ne: tabarau na ruwa mai rufe ido da hanci, bututun numfashi wanda masu Faransanci ke kira tuba, takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar da ke hana nutsewa. Takalmi da riga ana iya hayarsu a can, amma tabarau da bututu kowa ya mallaki nasa, saboda tsabta, kuma saboda tabarau da bai dace da fuska ba yana yoyo har ya kori mutum daga ruwa. Ana samun su a shagunan kayan wasanni na Duwala da Yawunde. Gwajinsu mai sauƙi ne: a ɗora tabarau a fuska ba tare da sa igiyarsa ba, a shaƙi iska kaɗan ta hanci, a saki hannu, idan ya manne bai faɗi ba, ya dace. Mai gashin baki ya rage na ƙarƙashin hanci, domin ta nan ruwa ke shiga. Ban yarda da irin tabarau mai rufe fuska gaba ɗaya ba, musamman ga yara, saboda iskar da aka fitar tana iya taruwa a cikinsa a sake shaƙarta, kuma cire shi da gaggawa yana da wuya.

Darasin farko a tsakar gida ake yin sa, da babban baho cike da ruwa. Mutum ya sa tabarau, ya kama bututu da leɓe ba tare da ya cije shi da ƙarfi ba, ya tsoma fuskarsa, ya yi numfashi ta baki a hankali har ya iya yin minti biyu, sa'an nan biyar, ba tare da ya ɗago ba. Jiki yana ƙin wannan da farko, domin tun haihuwa ya saba da cewa fuska a ruwa haɗari ce, kuma babu abin da ke kawar da wannan firgici sai maimaitawa. Bayan haka a zuba ruwa kaɗan a bututun da gangan, a koyi fitar da shi da huci ɗaya mai ƙarfi, a kuma koyi jan numfashin da ke biye a hankali ko da akwai ragowar ruwa. Yara sukan iya cikin kwana biyu. Manya ne ke ɗaukar lokaci.

Darasi na biyu a wurin iyo na otal ne, irin waɗanda ake biya a shiga a Garwa, Marwa ko Njamena. Kada a yi shi a Binuwai, ko Lagdo, ko Maga, ko Shari, saboda tsargiya da dorina da kada. A koyi kwanciya a kan ruwa rub da ciki, hannuwa a gefen jiki, ƙafafu suna motsi a hankali daga ƙugu, sa'an nan a koyi juyawa rigingine a huta, domin wannan juyawar ita ce mafakar duk wanda ya gaji ko ya ƙware.

Da na fara kawo maganar, uwar gidana ta ce, “Alhaji, ku dai ku shiga, ni zan riƙe muku kaya.” Na ce mata, “Hajiya, ba zan kai ki gabashin Afirka don riƙon kaya ba.” Da muka zauna muka tattauna, sai ya bayyana cewa abin da ke damunta biyu ne, sutura da idon maza, kuma duka biyun suna da magani. Mun nemi awa guda da sassafe lokacin da wurin iyo ba kowa, tare da mace mai koyarwa. Suturar kuma tela ya ɗinka da irin yadin rigar 'yan ƙwallo, wanda ba ya shan ruwa: riga mai dogon hannu har gwiwa, wando har idon sawu, da igiyoyi a ciki masu ɗaure rigar da wandon don kada ruwa ya ɗaga ta, sai hula mai kama kai da wuya. Atamfa da shadda da hijabi mai faɗi haɗari ne a teku, domin suna yin nauyi, suna naɗe ƙafa, kuma hijabin yana iya rufe bakin bututu. A zaɓi launi mai haske, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, wanda mai kwalekwale zai hango daga nesa. Maza ma su sa riga da wando mai rufe cibiya zuwa gwiwa, wanda ya haɗa sutura da kariya daga rana.

Hanya

Daga Garwa mota ce zuwa Ngawundare, sai jirgin ƙasa na dare wanda ke isa Yawunde da safe, daga can ko daga Duwala a hau jirgin Ethiopian Airlines a sauya a Addis Ababa zuwa Zanzibar. Mutanen Njamena da Kusiri, har da wasu na Marwa, filin jirgin Njamena ya fi musu kusa, kuma hanyar Addis Ababa ɗaya ce. Wanda ya bi ta kudu ya ware kwana biyu a Kiribi, kimanin kilomita 170 daga Duwala ta Edeya, domin yara su ɗanɗani gishiri, su ji yadda igiya ke ture mutum da yadda yashi ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, su kuma ga gangaren ruwan Lobe da ke zuba kai tsaye cikin teku. Igiyar Kiribi tana da ƙarfi, kada kowa ya wuce ruwa iya ƙugu. A nan ne ya kamata a koya wa kowa dokar ruwa mai ja: idan mutum ya ji ana jansa zuwa tsakiyar teku, kada ya yi kokawa da ruwan yana neman komowa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar jan, ko ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu.

A Zanzibar

Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma 'yan gari suna ƙirga awa daga fitowar rana, don haka idan mai kwalekwale ya ce saa mbili, awa ta biyu, ƙarfe 8 na safe yake nufi. A tabbatar da lokaci a kan agogon waya. Alƙibla a can arewa take. Nungwi da Kendwa suna da tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi daga babban birnin Zanzibar, kuma gaskiya ita ce akwai mashaya da kiɗan dare da baƙi masu ƙarancin sutura a wasu sassan gaɓar, don haka a nemi masauki da ya ɗan nisanci tsakiyar hayaniyar, a kuma yi wa yara bayani tun kafin a isa.

Kwana biyun farko kada a hau kwalekwale. A maimaita darasin gida a bakin gaɓa, cikin ruwa iya ƙirji, da safe. Idan tabarau yana yin hazo, a shafa masa yawu ko ɗigon sabulun wankan jarirai a ɗauraye. Sai kowa ya natsu a nemi kwalekwale, kuma kada a biya ko sisi sai an ga kayan da ido: rigar hana nutsewa daidai da jikin kowane yaro, rumfa, tsani na hawowa daga ruwa, da jagora wanda zai shiga ruwan tare da ku yana jan taya mai iyo da za a riƙe. Wani mai kwalekwale ya karɓi kafin alƙalami a hannuna da alkawarin rigunan yara, da safe muka tarar na manya kaɗai ya kawo, waɗanda yaro zai zame ta ƙasansu. Mun fasa, kuɗin bai dawo ba, kuma da za a sake haka zan sake fasawa. Mai saurin jiri ya sha maganinsa awa guda kafin tashi, ya zauna a tsakiyar jirgi yana kallon nesa.

Yawancin baƙi tsibirin Mnemba ake kai su, a arewa maso gabas, inda ruwa yake garau amma jirage suke da yawa, kuma ana sauka ne a ruwa mai zurfi ba tare da izinin taka tsibirin ba. Ga iyali masu koyo na fi son Chumbe, ƙaramin tsibiri a kudu maso yammacin birni, wanda aka killace murjaninsa tun 1994, mai ɗauke da jinsin murjani mai tauri fiye da 200. Ana ƙayyade yawan baƙin da ke shiga a yini, dole a yi rajista tun da wuri, kuma ya fi tsada, amma jagororinsa suna koyarwa da haƙuri.

A cikin ruwa kowa ya sa rigar hana nutsewa, har wanda ya iya iyo. Kowane yaro yana da babba guda wanda hannunsa zai iya kaiwa gare shi a kowane lokaci, kuma idan yara sun fi manya yawa a shiga rukuni-rukuni. Mai nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi, don haka a riƙa ɗago kai ana ƙirga mutane. A fara iyo ana fuskantar gudun ruwa, domin komowa ta zo da sauƙi lokacin da aka gaji. Minti 20 zuwa 30 sun ishi yaro, kuma da zarar ya fara rawar ɗari a fitar da shi. Ruwa yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka a gaya wa yara kifin bai kai yadda suke ganinsa ba. Za su ga kifi mai baki irin na aku yana gurgurar murjani, har ana jin ƙarar haƙoransa, kuma farin yashin da aka taka a gaɓa wani sashensa daga cikin wannan kifi ya fito. Hajiya ta riƙe tayar jagora minti goma na farko, daga nan ta sake ta da kanta, kuma ita ce ta nuna wa autarmu kunkurun teku.

Kada a tsaya da ƙafa a kan murjani, kada a taɓa shi, a kuma kula da takalmin iyo kada ya doke shi ko ya tayar masa da yashi. Irin murjanin da yake a dunƙule kamar dutse ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin santimita ɗaya a shekara, don haka abin da dunduniya ta karya a daƙiƙa guda ya girmi yaron da ya karya shi. Murjanin wannan gaɓa ya riga ya sha wahala a 1998 da 2016 da 2024, lokacin da ruwa ya yi zafi fiye da kima har ya kori gansakukar jikinsa ya koma fari fat. Kada a jefa wa kifi burodi, kada a ɗaga tauraron teku daga ruwa don hoto, kada a sayi busasshen murjani ko manyan katantanwa a hannun 'yan talla, fitar da su ma laifi ne. Katantanwa mai siffar mazurari kuwa ko a ruwa kada yaro ya ɗauka, domin wasu suna da dafi mai kisa.

Idan bushiyar teku, wata dunƙulalliyar halitta mai dogayen ƙayoyi, ta soki ƙafa, ko kifi mai dafi ya harbi mutum, a tsoma wurin a ruwa mai zafi gwargwadon abin da fata za ta jure na rabin awa ko fiye, sa'an nan a je asibiti. Takalmin roba a lokacin tafiya cikin ruwa mara zurfi yana hana mafi yawan wannan. Akwai kuma wata halitta mai taushi, mai kama da leda, da ke yawo a cikin ruwa; harbinta ana wanke shi da ruwan teku, ba a murza shi, ba a zuba masa ruwan daɗi. Yankan murjani, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, domin yana saurin ruruwa. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, musamman ƙeya da sharaɓa, kuma ƙishirwa tana kama mai iyo ba tare da ya sani ba, don haka a shiga jirgi da ruwan sha mai yawa. Idan azahar ta riske ku a tsibiri, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi kamar yadda ya tabbata a hadisi.

Bayan kowace fita a karkata kai a tsiyaye ruwan kunne, a goge bakinsa da tawul ba tare da cusa komai a ciki ba, kuma yaron da ya kwana yana kukan ciwon kunne a kai shi wurin likita kafin a hau jirgin sama. Tabarau da bututu da suturar iyo a ɗauraye su da ruwan daɗi a shanya a inuwa. Idan an dawo gida a ajiye su a akwati cikin ɗaki mai sanyi, nesa da rufin kwano, domin zafin Garwa na watan Afrilu yana busar da robar tabarau har ta tsage kafin hutu na gaba.